Sulallan Rumawa da Lawali Ya Bari

Cikin duk ranakun da na yi a maƙera a Tanut, wadda ba ta fita raina ita ce ranar da aka kawo mini kayan Lawali in narka. Ina ba ku labarin ne ku da kuke koyon aikin azurfa yanzu, domin wata rana za a kawo muku irinsa.

Ga yadda ake yi, don wanda bai sani ba. Idan mutum ya rasu ya bar azurfa, magada sukan zo da ita wurin maƙeri tare da liman da shaidu. Maƙeri ya goga ta a dutsen gwaji ya ga kyanta, ya ɗora a sikeli. In tarkace ce da ba ta rabuwa, sai ya narka ta dunƙule ɗaya, ya yanka wa kowa rabonsa yadda liman ya faɗa. Ba a hura wuta sai a gaban masu kaya, kuma kayan ba sa kwana a maƙera.

Lawali abokina ne tun muna yara a Gangara. Ni na bi sana'ar gidanmu, shi ya koyi gini, ya tafi Libiya ya yi shekaru yana zuwa yana komawa. Zuwansa na ƙarshe da ciwon ƙirji ya zo, bai kai lokacin kaka ba ya rasu. Ya bar matarsa Zuwaira da 'ya ɗaya ƙarama, shi ya sa yayansa Malam Isufu yake da rabo a gadon.

Bayan Zuwaira ta fita takaba suka zo da hantsi, Malam Isufu da liman da shaidu, ita kuma ta zauna daga bakin rumfa. Malam Isufu ya warware wani dogon ƙyalle mai kauri a kan tabarma. An ɗinka masa ƙananan aljihuna a jere, kowane aljihu da sulensa, sai 'yan kaɗan da babu komai. Ya ce an same shi a ƙasan akwatin marigayi, a narka a raba.

Na sha narka tsofaffin kuɗi, har da liyari mai kan mace da Buzaye suke kawowa a yi musu zobe. Irin waɗannan kam ban taɓa gani ba. Ƙanana ne, ba su cika da'ira ba, kamar da hannu aka buga su. Kowanne da kan mutum yana kallon gefe, kusan duka da wata hula mai tsini-tsini kamar yadda yara suke zana rana. Wani da gemu, wani saurayi ne, wani wuyansa kamar na ɗan kokawa. Na duba, babu fuska biyu iri ɗaya.

Na fara gwaji daga aljihun farko. Layin da ya bari a dutse fari ne, amma ba fari sosai ba. Na gaba ya fi shi duhu. Haka na bi su, hasken yana raguwa, har na kai na ƙarshen jerin, waɗanda da na ɗan taɓa gefensu da magagari sai ja ya fito. Malam Isufu ya ce a sa ɗaya a wuta a gani. Na ɗauki ɗaya daga na ƙarshe na narka. Jan ƙarfe ne, farin da ke bayansa shafe ne kawai.

Malam Isufu ya yi tsaki. Ya ce, "Ka ga ni, Habu. Abokinka ya ƙare ƙirjinsa a siminti, ya sayo kuɗin jabu. Tun yana yaro haka yake, ko gwangwani ya gani yana ƙyalli sai ya ɗauka."

Ya ce in zuba sauran gaba ɗaya, ko ɗan abin da ke cikin na farkon a samu. Gawayi ya riga ya kama. Amma akwai abin da ya tsaya mini. Mai yin jabu fuska ɗaya yake sassaƙawa ya yi ta bugawa, ba ya wahalar da kansa da fuskoki barkatai. Kuma Lawali ba shi da dutsen gwaji, to yaya aka yi ya jera su daga fari zuwa ja ba kuskure? Na roƙi liman a ɗaga zuwa gobe. Malam Isufu bai so ba, yana da awaki da zai kai kasuwar Belbeji, amma ya yarda. Ƙyallen ya kwana hannun liman.

Da la'asar na je wurin Mushe Amadu, kamar yadda muke kiran malaman boko a nan, mai koyar da tarihi a kwalej, wanda na taɓa yi wa matarsa 'yan kunne. Washegari ya zo maƙera da gilashin ƙara girma, kowa ya dawo mazauninsa, na sake hura wuta. Ya daɗe yana karanta haruffan da ke kewaye da kawunan, yana duba wayarsa. Sannan ya ce kuɗin Rumawa ne, waɗanda suka mulki bakin tekun Libiya tun kafin zuwan Musulunci da ɗaruruwan shekaru. Ya ce waɗannan duk na ƙarni ɗaya ne, na uku a lissafin Nasara, lokacin da sarauta ba ta daɗewa a hannun kowa. Soja su naɗa sarki, in ya kasa biyansu su kashe shi su naɗa wani. Kowane sabon sarki yana bukatar kuɗin biyan soja, sai ya rage azurfar sule ya ƙara jan ƙarfe, har aka kai ga shafe.

Liman ya tambaya, ashe ba ɗan damfara ba ne ya yi su. Mushe ya ce sarkin da kansa ne. Liman ya girgiza kai ya ce to wa za a kai wa ƙara.

Na tambayi Mushe jerin. Ya bi aljihunan da yatsa, ya ce daidai suke da yadda sarakunan suka bi juna. Abin da dutsena ya nuna da abin da haruffa suka ce duk ɗaya ne. Aljihunan da babu komai ne bai gane ba.

A nan Zuwaira ta yi magana, karo na farko tun da aka fara.

"Ni na ɗinka. Shi ya ce in bar waɗannan, sarakunan da bai samu ba ne tukuna."

Ta ce wurin wani tsoho mai sayar da tsofaffin tarkace a can Libiya yake saye, tsohon ne yake gaya masa wa ya gaji wa. Duk zuwa yakan kawo ɗaya ko biyu, ya baje su bayan cin abinci yana ba ta labarinsu. Akwai mai fuskar mace da jinjirin wata a ƙarƙashinta, matar sarki ce, yana tsokanarta wai hancinsu ɗaya. Bai taɓa ce mata azurfa ba ce. Sarakunansa yake ce musu.

Malam Isufu ya tambaye ta me ya hana ta faɗa jiya. Ta ce, "Yaya, ba a tambaye ni ba."

Ya juyo gare ni ya ce in faɗi gaskiyar abin da za a samu. Na ce in an narka duka aka tace, ba zai yi munduwar yarinya ɗaya ba. Mushe ya ƙara da cewa a ƙasashen waje akwai masu tara irinsu, amma waɗanda suka goge haka ba su da tsada, kuma shi bai san mai saye ba. Malam Isufu ya ɗauki mai fuskar macen ya kai kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa cikin wani aljihun da babu komai.

"Ɗaki ɗaya muka tashi da Lawali. Ban san yana son wani abu haka ba."

Ya ce wa liman a shaida ya bar wa yarinyar rabonsa na wannan ƙyalle, kada a narka. Zuwaira ta naɗe shi da kanta. Na kashe wutar.

Abin da na koya ke nan. Dutse zai gaya maka ƙarfen da ke hannunka, amma ba zai gaya maka dalilin da ya sa mutum ya ajiye shi ba, kuma abin da ya shiga wuta ba ya dawowa. Tun daga ranar, kafin in taɓa zuga-zugi sai na tambayi kowa da ke wurin, har wanda ya zauna daga bakin rumfa, me mai kayan yake yi da su.

Lawali ba ya sauka garin nan bai zo maƙerata ya sha shayi ba. Ya nuna mini hotunan gine-ginen da ya yi, ya nuna mini takardar likita. Sarakunansa ne kawai bai taɓa kawo mini ba. Ina jin don ya san abin da nake yi da tsofaffin kuɗi ne. Allah ya jiƙansa.