Ranar da Aka Ce wa Mahaifiyata Ɗanta Ɓarawo Ne

Shekarun baya, lokacin da nake dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, wasu 'yan Filifin da muke aiki tare suka ja ni wasan besbol. Ƙaramar gasa ce ta ma'aikata, duk Juma'a bayan la'asar. Dukan ƙwallo da sanda dai, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa iyawa ba. Amma a gudu ba a haifi mai kamo ni ba. A wasan akwai tashoshi a fili da ake bi ɗaya bayan ɗaya; idan mai jefa ƙwallo ya yi sakaci ka zabura ka kai tasha ta gaba, sunan wannan "sata". Ni kuwa na zama gwaninta.

Wata rana abokina ɗan Filifin ya rako ni gida a unguwar Waziriyya. Ya so ya faranta wa mahaifiyata rai da guntun Larabcinsa, sai ya ce ɗanta harami ne na gaske, wato ɓarawo, kuma ba a taɓa kama shi ba. Maƙwabciyarmu na zaune. Kafin magariba zance ya zaga unguwa.

Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce kakanta da ƙafa ya tako hajji, ko dabinon wani bai tsinka a hanya ba, ba a kanta sunan gidan zai ɓaci ba. Wasa halas, wato ya ƙare ke nan. Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce sai ta gani da idonta.

Ranar Juma'a ta zo fili, ta taho da maƙwabciyar. Na saci tasha ta biyu, na zame a ƙasa, aka yi ta tafi. Da aka tashi ta kira ni.

"Ya waladi, ɗana, buɗe hannunka. Me ka ɗauko?"

"Ba komai, Umma."

Ta juya ga maƙwabciyar. "Kin gani, gudu yaron yake yi. Yalla, maza ki kai wannan ma unguwa yadda kika kai na farko."

Na ci gaba da wasa har gwiwata ta ce ta gaji. Ban kai babbar ƙungiya ba, ko kofi ɗaya ban ajiye ba, kuma bai dame ni ba. Duk tafin da aka taɓa yi mini bai kai ranar nan daɗi ba, ranar da tsohuwata, wadda ba ta san kan wasan ba, ta zauna cikin zafin Jidda don ta wanke ni.