Lomar da Baba Yake Rage wa Kare

Karen Baba ba shi da suna. Baba ya ce bai ga dalilin raɗa masa ba, tunda ba rago za a yanka masa ba. Fito kawai yake masa, wani gajeren fito ta gefen baki, sai ka ga karen ya ɓullo ko daga ina yake. Ja ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, kuma aikinsa ɗaya ne a duniya: korar birai daga gonarmu ta hanyar Sara. Ba ya shiga cikin gida. Iyakarsa bayan zaure, a gindin darbejiya, inda aka ajiye masa wani tsohon kasko.

A gidanmu na Gwaram, Baba a zaure yake cin tuwonsa bayan magariba, a cikin wani baƙin akushi da ya girme ni. Ba wanda ke cin abinci a akushin nan sai shi. Inna ce ke zuba masa da hannunta, ta rufe da faifai, ta aiko. Idan ya ci ya kusa gamawa sai ya tsaya, ya gutsuro lomar ƙarshe, ya tashi da kansa ya zagaya bayan zaure ya jefa a kasko. Ba ya shafa karen, ba ya ce masa komai. Loma ɗaya ce, sai ɗan ƙanzo da safe, sauran kuma karen ya nemi gafiyarsa a gona. Ban taɓa ganin Baba ya nuna wa wata halitta ƙauna a fili fiye da haka ba, har mu 'ya'yansa kuwa.

Baba ya rasu bayan an gama kaka, ciwon 'yan kwanaki. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, iyalina ma a can suke. Na yi zaman makoki na koma bakin aiki, sai dai duk Juma'a da yamma in hau babur in zo in duba Inna. Ƙanina ne ya karɓi gona, shi kuma a kan babur yake zuwa. Karen ya bi shi sau ɗaya har bakin gari, ya tsaya, ya juyo. Daga ranar bai sake zuwa gona ba.

Kare shi ne abu na ƙarshe da zai zo mini a rai a watannin nan. Ina shiga in gaida Inna da ke takaba, in ɗan zauna, in fito. Ko bayan zaure ba na leƙawa, don wajen yana tuna mini da abin da ba na son tunawa. Sai wata Asabar da zafi ya fara shigowa na zagaya neman inuwar da zan ajiye babur, na ga wani abu kwance a gindin darbejiya. Wallahi na ɗauka tunkiyar maƙwabta ce ta shigo. Sai da ya ɗaga kai na gane idanun.

Wuyan ya haɗe da kafaɗa. Cikin nan da a da yake a ɗame kamar an ɗaure shi da igiya yanzu ya baje a ƙasa. Ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe ni yadda ya saba, ƙafafun baya suka ƙi, ya koma ya zauna yana haki, harshe a waje. Dariya ce ta fara zuwar mini, sannan haushi ya biyo ta. Wannan shi ne karen da birai ke jin ƙamshinsa su bar gona.

Ban sha wahalar gano masu laifi ba, domin ko ɓoyewa ba sa yi. Mai ƙosan bakin layi kullum da safe sai ta jefa masa biyu ko uku. Mahaucin unguwarmu yana tara masa kitse da tarkacen da ba su sayu ba. Tsohon da suke sahu ɗaya da Baba a masallaci yana dawowa daga kasuwa da gutsuren waina a aljihu. Kowa na tambaya amsarsa ɗaya ce: sadaka ce, Allah Ya kai ladan kabarin Malam. Unguwa guda ta rasa inda za ta kai ƙaunar da take yi wa mahaifina, sai ta juye ta a cikin karensa.

Na ɗauki hotonsa a waya na kai wa wani malamin dabbobi da muka saba a Birnin Kudu. Ya duba, ya ƙara duba, ya ce, "Malam, wannan kiwon layya kuke yi?" Da ya gama dariyarsa ya yi mini alkawarin zai biya ranar kasuwar Gwaram, tunda dama yana zuwa duba shanu. Ya zo kuwa. Ya sa hannu yana laluben haƙarƙari bai samu ba, ya saurari numfashin, ya lanƙwasa ƙafafun baya karen ya yi ƙara. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Ya ce, "Gaskiya idan aka ci gaba a haka, da wuya ya ga ƙarshen bazarar nan. Zuciyarsa ba a yi ta don wannan kayan ba, ƙafafunsa ma haka."

Ya ce a daina ba shi duk abin da aka soya, a daina kitse, a rage tuwo sosai. A dafa masa kabewa da ɗan wake ba mai ba gishiri, a marmasa busasshen kifi a kai, a ajiye masa ruwa mai yawa a inuwa. Kada a sa shi yunwa dare ɗaya, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Sannan a riƙa fita da shi da sanyin safiya, ko da zuwa bakin layi ne. Ya ce ranar da na shafa gefensa na ji ƙashi a ƙarƙashin fata ba tare da na danna ba, to an kama hanya.

Hutun makaranta ya zo, na tattaro na dawo Gwaram. Na bi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙosai ta ce ita ba ta taɓa jin inda ɗa ya hana a yi wa ubansa sadaka ba. Mahauci ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "To yanzu boko har ya kai ga kare?" Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don ni mutum ne mai saurin fushi kuma na san bakina. Na ce masa idan ladan yake nema wa Baba, ya ajiye mini ƙashi marar kitse. Ya yi gunaguni, amma washegari ya aiko da shi.

Fitar farko abin kunya ce. Na ɗaura masa igiya, ina ja yana turjewa, mutane na dawowa daga sallar asuba suna yi mini sannu da aiki cikin murya mai daɗi. Na gwada fiton Baba. Abin da ya fito daga bakina ko kaza ba za ta waiwayo ba. Karen ya ɗaga kunne ɗaya, ya dube ni, ya mayar da kansa ƙasa. Ban san akwai abin da zan yi kewa a fito ba sai ranar. Mun kai bakin layi da ƙyar, ya kwanta, na tsaya a kansa har ya huta.

Makonni suka wuce. Unguwa ta daina, ina dafa kabewata, muna fita kullum, amma karen yana nan kamar buhu. Na fara zargin mai ƙosai. Wata rana na fito daga masallaci bayan magariba ban tsaya hira ba, na zagayo bayan zaure, sai na tarar da Inna. Ta gama takaba a lokacin. Tana tsaye da baƙin akushin nan a hannu, tana juye tuwo malmala guda da miyar kuka har da man shanu a cikin kasko, tana ɗaga akushin sama don kada bakin karen ya taɓa shi.

Na ce, "Haba Inna! Ashe ke ce? Ni ina ta faɗa da mutanen gari."

Ba ta juyo ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta cika duban idona ba ma. Ta ce, "Kai dai ka cika faɗa."

"Inna, kashe shi za ki yi. Malamin dabbobi ya faɗa a gabanki."

Ta goge bakin akushin da yatsa. Ta ce, "To ya zan yi da shi? In na zo kwasar tuwo hannuna akushin nan yake fara ɗauka. Tun ina yarinya shi nake fara zubawa. Sai na zuba na rufe sannan nake tunawa." Ta dubi akushin. "In zubar? Ko in ba wani ya ci a kwanon Malam?"

Duk faɗan da na taho da shi ya zube. Ashe tun ranar da aka kai Baba ba a daina zuba masa tuwo ba ko sau ɗaya. Na tsaya ina kallon karen yana lashe kasko, ita kuma ta rungume akushin ta shige gida. Na san idan na matsa mata ta daina, na raba ta da abu na ƙarshe da take yi wa mijinta. Idan kuma na ƙyale ta, kafin ruwan farko za mu haƙa rami a gindin darbejiya. Ban iya zaɓa ba, don haka ban ƙara tayar mata da maganar ba.

Na ci gaba da abin da zan iya. Na rage kabewar safe tunda na san abin da ke zuwa da yamma. Tafiyarmu ta ɗan ƙaru, daga bakin layi zuwa rijiya, daga rijiya zuwa bayan makarantar Islamiyya. Amma zafi yana ƙaruwa. Wata rana da hantsi ya faɗi a hanyar dawowa, idanunsa suka juya, sai da na roƙi ruwa a wani gida na kwarara masa, na aro baro na turo shi. Inna tana tsaye a bakin zaure lokacin da muka iso. Ta ga karen mijinta a cikin baro, harshe a waje. Ta juya ta shige gida.

Da magariba ina zaune a zaure, a gefe, domin har lokacin ba na iya zama a inda buzun Baba yake. Sai ga ta da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa ta ajiye baƙin akushin a gabana, ta ɗauke faifan.

Na ce, "Inna, wannan ai na Baba ne."

Ta ce, "Na sani. Ci." Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, sannan ta ƙara ba tare da ta juyo ba, "Loma ɗaya yake rage masa. Kada ka ƙara."

Na daɗe kafin na sa hannu. Bakin akushin ya suɗe ta gefe ɗaya, daidai inda babban yatsan Baba yake riƙewa, kuma yatsana ya zauna a wurin kamar an auna. Tuwon dawa ne da miyar kuka, irin wanda na ci duk rayuwata. Na ci ina hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Da na kusa gamawa na gutsuro loma ɗaya, na zagaya bayan zaure, na jefa a kasko. Karen ya haɗiye ta, ya dubi hannuna, ya dubi bayana, sannan ya kwanta.

Daga nan jikin ya fara sauka, a hankali ƙwarai. Da hutu ya ƙare ƙanina ya karɓi tafiyar safe da dafa kabewa, akushin ma a gabansa ake ajiyewa, sai ranar Juma'a da Asabar ya dawo gabana. Ruwa ya sauka karen yana raye. Wata safiya na shafa gefensa na ji haƙarƙari suna jere a ƙarƙashin tafina, na kira malamin dabbobi a waya ina ba shi labari kamar an yi mini haihuwa. Bai koma siririn nan na da ba, ƙafar baya ɗaya ma ta ci gaba da ɗingishi. Amma lokacin da dawa ta kai ƙugu, ni da shi muka taka har gona, ba igiya. Shi ne a gaba. Ya bi wata 'yar hanya ta bayan fadama da ni na manta da ita, ya kai mu gindin ɗorawar da Baba ke hutawa, ya zauna yana kallon hanyar da muka fito. Ni ma na zauna na taya shi kallo.

Ya ƙara damina biyu, sannan tsufa ya ɗauke shi a gindin darbejiyarsa. Inna ma ta bi Baba bara. Da aka zo rabon kayan ɗakinta ban nemi komai ba sai akushin, kuma ba wanda ya yi mini gardama.

Yana nan gidana a Birnin Kudu, a ciki nake cin tuwon dare. Ba ni da kare, gidan haya ne, ba ma wurin ajiye shi. Amma matata ta gaji da tambayata me ya sa kullum sai na bar loma ɗaya a gefe. Yanzu ba ta tambaya. Takan bar akushin a gabana na ɗan lokaci kafin ta ɗauke.