Gogen da Ke Ƙarshen Kaset ɗin Tafsiri

Shekarun baya, zamanin da kaset ke tashe, ina da ɗan shago a Uhudu, can Madina, kusa da inda motocin alhazai ke tsayawa. Tasbaha, turare, dabino, sai kaset na karatu da wa'azi da nake kwafa da kaina. Ina da wani hali da ba na alfahari da shi, wato maƙo. Sabon kaset na alhazai ne. Na gida kuwa tsoho nake samu, in toshe ramukan nan biyu na samansa da salatif, in ɗora sabon abu a kai.

Abokina da ke tuƙa ma'aikata a matatar mai ta Yanbu ya san halina, shi ya sa ya kawo mini kwali guda na tsofaffin kaset da wani Bature zai zubar. Ko ɗaya ban saurara ba. Na zari guda na kwafa wa mahaifiyata tafsirin Hausa, don tana son ji in tana aikin gida. Tafsirin ya ƙare kafin zaren ya ƙare, ni kuma ban goge ragowar ba. Kuskurena ke nan gaba ɗaya.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a gidanmu na unguwar Ƙiblatain ina shan shayi, ita tana tsince shinkafa a faranti, rakoda na gefenta. Malam ya yi addu'ar rufewa, aka yi shiru. Can sai goge ya tashi.

Murya ɗaya ce siririya, tana ja a hankali kamar mace na kuka a gidan maƙwabta. Ta hau sama, ta yi ta karkarwa a can, ta sulalo ƙasa. Sai wasu masu gogen suka amsa mata da kauri. Kiɗan ya soma ƙara sauri ke nan, zare ya ƙare, rakoda ta yi ƙat.

Rakoda ta tsaya, amma kiɗan bai tsaya ba. Daga bakin mahaifiyata ya ci gaba. Idonta a bango, hannunta cikin shinkafa, tana yin sa da hanci, yana ƙara sauri, kafaɗunta na motsi. Matar da ko waƙar biki ban taɓa ji a bakinta ba! Sai da na kira "Umma" sau uku kafin ta waiwayo, kuma da ta dube ni kamar ba ta gane ni ba.

A ranar ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa ba. Kakata 'yar bori ce a wani ƙauye na ƙasar Katsina, kuma akwai kiɗan da in mai goge ya taɓa mata sai iskoki su hau ta, ta faɗi ƙasa. Gudun wannan ne ya sa mahaifiyata ta biyo mahaifina ta Cadi da Sudan har Madina. Ta ce, "Gado ne. In uwa ta mutu, 'ya iskokin ke nema. Shekara talatin ina zaton ba sa shigowa garin nan."

Na yi dariyar dole, na ce, "Haba Umma, kaset ɗin wani Bature ne fa."

Ta ce, "Na san kaset ne, ya waladi, ɗana. Cikin kwali guda, wa ya kai hannunka kan wannan?"



Daga ranar ta daina zuwa Harami, ita da ko zazzaɓi ba ya hana ta. Malamin unguwa ya zo ya yi mata ruƙiyya, ta gode masa, amma babu abin da ya sauya. Bayan mako biyu na tarar ta sauko da tsohon akwatinta. Ta ce, "Halas, shi ke nan. Ka nema mini hanyar komawa gida. Ba zan zauna da su a maƙwabtan Annabi ba." Wannan fa matar da duk addu'arta ita ce a binne ta a Baƙi'a, kuma can gidan babu wanda ya rage da ya san ta. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushin kaina kamar in mari kaina.

Baturen ba Musulmi ba ne, ba shi da halin shiga Madina, don haka ni na ɗauki kaset na bi shi Yanbu. Abokina ya kai ni gidansa da hantsi. Dattijo ne, injiniya ɗan ƙasar Hangari. Larabcinsa gurgu, Turancina ya fi shi gurguncewa, abokina na cike mana giɓi.

Yana jin kiɗan ya lumshe ido. Ya ce wani babban makaɗin Turai ne ya tsara shi tun fiye da shekara ɗari, don taron makaɗa masu yawa, amma ba shi ya ƙirƙiro muryar ba. A wajen Romani ya ji, wasu mutane da suka daɗe suna yawo gari zuwa gari, su ne masu gogen ƙasarsu a biki da mutuwa. Suna ɗaukar waƙoƙin Hangari su lanƙwasa su yadda suka ga dama, manyan makaɗa kuma su saurara su rubuta a takarda, har aka kai wani lokaci ba a iya cewa wannan na wane ne. Ya ce tsarinsa ke nan, a fara da jan kuka, a ƙare da gudu.

Wallahi na ji sanyi a raina. Ga bayani tsaf, ba aljani ba iska. Har na miƙe zan yi sallama, sai ya ce ai ban ji ƙarshen ba, yana da shi a faifai. Ya saka.

Na ji jan kukan nan, na ji inda ya soma sauri, na gane daidai wurin da zarenmu ya ƙare. Kiɗan ya wuce nan, ya bi hanyar da mahaifiyata ta bi. Inda ta hau, ya hau. Inda ta ɗan tsaya ta fizgo, ya tsaya ya fizgo. Ni ba makaɗi ba ne, ko tafi ba na iya yi daidai, ba zan rantse cewa ƙwaya da ƙwaya ba ne. Amma rana tsaka tsigar jikina ta tashi, har abokina ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwa, lafiya?" Na ce sanyin na'urar ɗakin ne.

Duk tsawon hanyar dawowa ina tunanin abin da zan ce mata. Na same ta zaune kusa da akwatin. Na kwashe bayanin Bature na faɗa mata, Romani da Hangari da takarda da komai. Ta saurara har na gama, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Ka ji ƙarshensa?"

"Na ji, Umma."

"Ya tafi yadda na yi?"

Na ce, "Ko kusa. Wata hanya daban ya bi."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To, ba nasu ba ne. Mayar da akwatin nan sama." Washegari ta sa na kai ta Harami sallar azahar. Ta ƙara shekara tara a Madina, kuma a Baƙi'a muka binne ta.

Tun daga nan na karanta abin da na samu game da kiɗan nan, na saurari irinsa da yawa. Mai yiwuwa goge ko'ina haka yake tafiya, duk wanda ya tashi da shi a kunne zai iya cankar inda ya nufa. Haka nake faɗa wa kaina, wani lokaci in yarda, wani lokaci in ƙi. Ƙaryar kuwa na sha neman gafara a kanta, amma ban taɓa nadamarta ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kallon nan da ta yi mini kafin ta yi magana. Mahaifiyata ta san fuskata in ina ƙarya tun ina rarrafe. Ina jin ta gane sarai, ta dai ga ɗanta ya je har Yanbu ya dawo don ta zauna, sai ta zauna.