Maganin Kunama a Bakin Tekun Legas

Mubi zuwa Jimeta

Gari bai waye ba, ranar Alhamis, muka ja ƙofar gidanmu na Yelwa, ni da ɗana Tizhe, yana gaba da tocila ina biye da jaka a ka. Ina rubuta wannan ne domin matan majami'armu da maƙwabta da ke tare ni a hanya suna tambayar yaya Legas. Na gaji da cewa lafiya lau. Ba lafiya lau ba ce, ga kuma yadda aka yi.

Malam Modu, mutumin Barno da muka daɗe muna katanga ɗaya kafin ya koma Legas da sayar da huluna da turare, shi ya aiko cewa wani kamfanin jiragen ruwa zai ɗauki samari, har ya sa an saka sunan Tizhe. Abin da ya rage likitansu ya duba lafiyarsa ranar Litinin. Yaron ya gama sakandare tun bara waccan, yana zaune yana yi mini guga a shagon ɗinki. Ubansa Tumba ya rasu, ƙannen Tizhe huɗu suna bayansa. Ban da wannan aikin ba mu hango komai ba.

A tasha muka tarar da Baba Zira, wan mijina, ya riga ya kame gidan gaba a tasi. Ban gayyace shi ba. A gida yarenmu muke yi, amma Baba Zira in yana son jama'a su ji, Hausa yake juyawa.

"Mace ba zai kai ɗan ƙanena Legas shi kaɗai ba," in ji shi. "Maman Tizhe, ka biya mota mu tafi."

Na biya. A aljihunsa akwai gwangwanin nan da kowa ya sani daga Yelwa har Nassarawo: reza, zare, da baƙin gari. Duk wanda kunama ta harba a unguwa, ƙofarsa ake bugawa.

Muka wuce Hong rana na fitowa, muka karya da ƙosai da kunu a Gombi, muka ratsa Song. Da muka hau gadar Binuwai a Jimeta, Tizhe ya leƙa ta taga har na riƙe masa riga.

"Direba, teku ya fi wannan?"

Direba ya yi dariya. "Wannan mayo ne, kogi kawai, ɗan samari. Teku ba ka ganin ƙetarensa."

Yaron nan ya yi murmushi irin na ubansa. Muka kwana a gidan wata 'yar kawuna, ta ba mu tuwon masara da miyar kuka.

Jimeta zuwa Makurdi

Da asubar Juma'a muka shiga bas. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, shinge sai ka gaji da ƙirgawa. Bayan Numan aka sauke mu duka, wani soja ya zaro gwangwanin Baba Zira ya buɗe ya sunsuna. Baba ya tsaya ya yi masa wa'azin kunama, har sojan ya gaji ya ce mu tafi.

Dab da Wukari taya ta fashe. Yaron mota ya sa hannu zai ɗauko dutsen da zai tare mota, kunama ta same shi a yatsa. Ƙato da gemunsa ya zauna a ƙasa yana kuka. Baba Zira ya ɗaure yatsan da zare, ya tsaga da reza, ya matse, ya shafa baƙin garinsa. Kafin a gama ɗaura taya mutumin ya yi shiru. Ba zan yi masa ƙarya ba, da idona na gani. Ko garin ne ya yi aiki ko zafin ne ya gaji don kansa, ban sani ba. Fasinjoji suka yi ta sa albarka, direba ya tayar da wani ya ba Baba kujerar gaba, wata mata ta saya masa dafaffiyar doya. Daga nan har Makurdi kansa bai ƙara shiga hularsa ba.

A Makurdi muka ci sakwara da miyar agushi, muka yi hayar tabarmi a rumfar tasha. Sauron garin nan ba ya jin hayaƙi.

Makurdi zuwa Legas

Doguwar bas ce ranar Asabar. Ƙasa ta sauya, duwatsu irin namu suka ɓace, sai kurmi da kwakwar manja. Muka haye gadar Anaca, muka wuce Bini cikin ruwan sama, a Ore na saya wa Tizhe gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Baba Zira ya ga ana sayar da dodon koɗi a tsire, ya tofar da yawu ya ce mutanen nan ba su san abinci ba, balle magani.

Da yamma muka shiga Legas. Malam Modu ya tarye mu, ya kai mu ɗakinsa a Obalande. Matarsa Falmata ta rungume ni, ta dafa mana shinkafa da kifi, ta ba ni gadonta. Allah ya saka musu.

Lahadi, bakin teku

Da muka taso daga sujada Tizhe ya fara roƙo a kai shi ya ga teku. Na ce a bari sai an gama da likita gobe. Malam Modu ya ce babu nisa, kuma wanda zai yi aiki a kan ruwa ya kamata ya gaisa da shi.

"Namiji ne," in ji Baba Zira. "Ka so ka goya shi har jirgi?"

Muka tafi. Ruwan nan ba shi da iyaka, yana tasowa kamar katanga ya faɗi ya koma. Tizhe ya naɗe wando ya shiga iya gwiwa, ya ɗanɗana ya tofar, yana dariya yana kirana in zo in ji gishiri. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na wannan lokacin ba tun rasuwar ubansa.

Sai dariyar ta yanke. Ya yi tsalle ya faɗi a ruwa yana riƙe da ƙafar hagu. Malam Modu ya ruga ya jawo shi, shi ma ya yarfe hannu yana salati. A ƙaurin Tizhe akwai wani abu manne, kamar leda cike da ruwa, kana hango yashi ta cikinsa, da zaruruwa dogaye da suka naɗe ƙafar. Duk inda zaren ya kwanta fata ta yi jan layi kamar an zuba masa bulala. Malam Modu ya ce jelifish ake ce masa, yana da dafi, amma yana yawan samun mutane a nan kuma su tashi.

Wata mai dafa masara a kusa ta baro tukunyarta ta zo da gudu. Turancin kasuwa take yi, Malam Modu yana juya mana. Ta ce kada a murza, kada a zuba ruwan sha, yana ƙara tayar da dafin. A wanke da ruwan tekun, a ɗage zaruruwan da tsinke, sannan a tsoma a ruwan zafi iya wanda fata za ta jure. Ta kama hannun Malam Modu ta fara yi masa hakan nan take.

Ina juyowa sai na ga Baba Zira ya riga ya tsiyaye gorar ruwan shanmu a ƙafar Tizhe, ya ɗebi yashi yana dirzawa. Yaron ya sa ƙara. Jan layin ya kumbura ina kallo.

Na ce da shi da yarenmu, a hankali, "Baba, matar nan ta ce a bari. Nan ƙasarsu ce."

Ya amsa da Hausa, da ƙarfi, don mutane sun fara taruwa. "Dafi dafi ne. Kunama na tudu, kunama na ruwa, duka ɗaya. Ni zan koyi magani wurin mai masara?"

Ya ciro gwangwani. Na riƙe masa hannun riga, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansu.

"Baba, gobe likita zai duba shi. Don Allah kada ka sa reza."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan waye? Da shi ka zo daga gidan ubanka? Sake ni."

Duk matar da ke karanta wannan ta san abin da ake nufi. Ɗa na gidan uba ne, gwauruwa kuwa baƙuwa ce ko ta tsufa a gidan. Malam Modu ya sa baki, Baba ya ce masa maganar dangi ce. Na dubi Tizhe ko zai janye ƙafarsa, amma yaron da aka koya wa durƙusa wa wan ubansa tun yana rarrafe ba zai fara gardama ranar da zafi ya rufe masa ido ba. Baba ya ɗaure gwiwar da zare tam, ya bi jan layin nan da reza yana tsagawa, daga ƙauri har idon sawu, ya kwaɓa baƙin garin da kananzir ɗin da ya roƙa a wata rumfa, ya cusa. Mai masara ta ɗora hannu a ka ta koma wurin tukunyarta.

Malam Modu ya zauna da hannunsa cikin kwanon ruwan zafi. Kafin mu samu mota ya ce zafin ya sauka, har shi ya ɗauki jakata.

Litinin

Tizhe ya tashi da zazzaɓi, ƙafa ta zama kamar taɓarya, takalmi ya ƙi shiga. Falmata ta ara masa silifas ɗin mijinta. Na wanke abin da zai wanku, na naɗe da tsumma mai tsabta, na ja wandon ya rufe. Ina yi ina sane da cewa aikin banza nake.

Ni da Baba muka tsaya a bakin ƙofar kamfanin, Malam Modu ya shiga da Tizhe. Ba su daɗe ba suka fito. Malam Modu ya ba mu labari: an jera samari daga su sai gajeren wando. Likita ya zo kan Tizhe, ya kwance tsumman, ya tambayi wa ya yi wannan. Ya ce ciwon ya fara ruwa, jirgi kuma cikin makon zai tashi, ba za su ɗauki mai buɗaɗɗen rauni zuwa tsakiyar teku ba. Malam Modu ya nuna masa nasa hannun, ɗan jan layi kawai, ya ce abu ɗaya ne ya same su jiya. Likitan ya ce da haka ƙafar take, da bai ko tsaya a kanta ba. Ya kira na bayan Tizhe a layi.

"Likitan nan bai san komai ba," in ji Baba Zira. "Ba don ni ba, da gawa za mu kai Mubi."

Da na buɗe baki a wurin, abin da zai fito ba na majami'a ba ne. Na tsani mutumin nan a ranar, na kuma faɗa wa Allah haka a addu'ata, ban ɓoye masa ba.

Komawa

Ban sayi atamfa ko ɗaya ba, ni da na yi niyyar cika jaka domin shago. Kuɗin ya tafi a allura, ɗaya a Legas, ɗaya a wani kemis a Makurdi. Hanyar da muka bi ita muka maimaita. A kowace mota Baba Zira ya ba fasinjoji labarin kunamar teku da yadda ya kashe dafinta, kullum tana ƙara girma. Kafin Jalingo ta kai faifai, a Numan ta kai tabarma. Da muka hau gadar Jimeta na taɓa Tizhe na ce ga Binuwai. Bai ɗaga kai ba.

Muka iso Mubi da la'asar. Labari ya riga ni sauka daga mota. Washegari tsofaffin matan dangi suka zo suka ce ba a ceton rai a yi shiru, sai na je na gode. Na kama zakarana, wanda nake ajiye wa Kirsimeti, na je gidan Baba Zira, na durƙusa a gaban jama'a na ce na gode da ya ceci ɗana. Ya karɓa, ya ce ba komai, aikinsa ne.

Ƙafa ta warke bayan girbi. Malam Modu ya aiko cewa kamfanin ba su sake ɗauka ba. Tizhe ya koma guga, ranar Asabar kuma yana noman gonar Baba Zira a Sahuda, tunda an ce Baba na bin sa bashin ransa. Makon jiya na wuce ta ƙofar Baba, na tarar ya tara mutane, ya kira Tizhe ya ɗage masa wando yana nuna tabon reza layi-layi, yana cewa ga shaida, maganinsa har teku ya ci. Yaron yana tsaye yana kallon ƙasa.

To, 'yan'uwa, kun ji Legas. In ɗayanku ya je bakin teku abin nan ya same shi, ruwan tekun da tsinke da ruwan zafi, shi ke nan. Gwangwani kuwa a bar shi a Mubi. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malam Modu da Falmata, da 'yar kawuna ta Jimeta, da mai masarar da ban san sunanta ba, wadda ta faɗi gaskiya ba a ji ba. Baba Zira kuwa na riga na gode masa a kan gwiwoyina, da zakarana a hannu, ba zan maimaita a takarda ba.