Motar da Baba bai sa wa albarka ba

Shekarun baya, zamanin da kaina ke cike da gashi amma babu komai a ƙarƙashin gashin, na sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, irin wadda ake naɗe rufinta a mayar baya. Ku da kunka san ni da babur yanzu, ku daina yi min kallon talaka. Na taɓa yin mota. Rabin mota dai, amma mota.

Abokina ne ya kai ni. Dillali ne a Tudun Wada, irin mutumin da zai sayar maka da rijiya ya kuma karɓi kuɗin dako. Mun tarar da ita a bayan wani gareji, akuya na kwance a kujerar direba tana tuƙa abincin jiya. Kuɗinta bai kai na sabon babur ba. Na tambaye shi dalilin wannan araha.

Ya ce, "Mutanen garin ga ba su waye ba. Kai kaɗai na gani da idon wagga mota."

Na ce, "Rufin fa?"

Ya ce, "Maɓalli ɗaya za ka danna, shi taso da kai nai."

Ya danna. Rufin ya yunƙura kamar tsoho zai tashi daga tabarma, ya kai rabi, ya yi nishi, ya koma ya kwanta. Abokina ya ce batir ne, in ya yi caji shi ke nan. Har na rabu da motar nan bai sake tasowa ba.

Kun dai san ranar Sakkwato, ba sai na gabatar muku da ita ba. Kujerun motar baƙar leda ne. In na ajiye ta da hantsi na dawo da azahar, sai na shimfiɗa kwali kafin in zauna, sitiyari kuma sai da tsumma. Cikin wata biyu na yi baƙin da mahaifiyata ta ce in na shigo gida in riƙa yin dariya, don ta gane ni da haƙora.

Amma ba ranar ce ta fi ci min rai ba.

A gidanmu, duk wanda ya yi sabon abu, keke ne, babur ne, ko keken ɗinki, sai ya kawo shi ƙofar zaure Baba ya ɗora hannu ya sa albarka. Mahaifina malamin zaure ne a Ƙofar Rini, magidanta ke ɗaukar karatu wurinsa bayan la'asar. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Kalma biyu zai yi maka a hankali, ka kwana uku kana jin zafinta.

Na wanke mota, na kawo ta lokacin da zauren ya cika, don a shaida. Baba ya fito, hannuwansa a baya. Ya zagaya ta sau ɗaya. Ya leƙa ciki ta sama, tunda babu abin da zai hana shi.

Ya ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Haka anka yi ta, Baba. Ta Turawa ta."

Ya ce, "To. Ran da ta samu hula ka kawo ta. Ba ni ɗora hannu ga abin da ke yawo cikin gari kai ba hula."

Ɗalibansa sunka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ni ma na yi dariya, don ba'a sana'ata ce. Amma na ga hannayen nan sun koma zaure a bayansa yadda sunka fito, ko ƙofar motar ba su taɓa ba. Babur ɗin ƙanena ya samu albarkar. Har injin markaɗen mahaifiyata ya samu. Ni ɗan fari, ban samu ba.

Na nemi hular nan kamar me. Bakanike ya ce ƙarfen sai an aika kudu, kuma ko can sai an yi sa'a. Wani mai walda a Sabon Gari ya haɗa min ƙarafa ya ɗaura tamfol, rannan ina cikin tafiya iska ta ɗauke shi, ya je ya rufe mai sayar da kankana da kankanarsa gaba ɗaya. Ana cikin haka injin ma ya fito da halinsa. In ta ga dama ta tashi, in ba ta ga dama ba sai turi. A tsakiyar titi take mutuwa, babu sallama. Unguwarmu kowa ya tura motar nan, har liman. Ya kai in majalisa ta hango ni na fito da makulli, sai ka ga lafiyayyun maza sun fara ɗingishi, wani ya kabbara nafila da ƙarfe sha ɗaya na safe.

Shekara ɗaya da rabi muna haka da ita.

Ranar da nake son ba ku labari, cikin bazara ne, gab da azahar. Baba ya daɗe yana fama da ƙoda, yana ɓoyewa. Ran nan ya tashi zai yi alwala ya faɗi a tsakar gida. Idonsa biyu, yana magana, amma ba ya iya zama. Ɗora shi kan babur ɗin kabu-kabu ba zai yiwu ba. Maƙwabcinmu mai mota ya tafi ƙauye. Ba abin da ya rage sai marar hula.

Na kwantar da kujerar gaba har ƙasa, ni da ƙanena munka ɗauko shi munka shimfiɗe shi. Ledar ta yi zafi, mahaifiyata ta shimfiɗa darduma, sannan ta kawo farin mayafinsa ta lulluɓe shi saboda rana. Da kansa ya ja mayafin ya rufe fuska. Ƙanena ya tsaya zai haɗo kaya ya biyo mu. Ni kuma saboda ruɗewa, a kan tabarma na bar wayata.

Bugu ɗaya ta tashi. Wallahi har na ji ina sonta.

Mun ci fiye da rabin hanya, daidai wani masallacin bakin titi, ta yi tari biyu ta mutu. Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Rana na dukan farin mayafin nan har yana kashe ido. Ina jin numfashin Baba a ƙarƙashi, gajere-gajere.

A daidai lokacin anka sallame salla, mutane sunka fara fitowa. Ku tsaya ku ga abin da sunka gani: buɗaɗɗiyar mota, mutum miƙe a ciki, an rufe shi da fari daga kai har ƙafa, ga saurayi a gefe yana zufa yana hawaye. A garin nan wannan abu ɗaya yake nufi. Na ji salati ya tashi daga bakin masallaci. Masu zaune sunka miƙe. Wani dattijo mai farin gemu, takalminsa a hannu, ya matso.

Ya ce, "Yaro, wa na?"

Na ce, "Mahaifina na."

Ya ce, "Allah shi jiƙan shi, shi yi mai rahama."

Na ce, "Amin."

Haka ta fito. Ban shirya ta ba, amma ba zan yi muku ƙarya in ce ban san abin da nake yi ba. Na ga hannuwa sun fara sauka a jikin mota, na tuna yadda ake gudu na a unguwa, sai na bar maganar a yadda take. Dattijon ya tambaya gida ko asibiti. Na ce asibiti. Ya ce haka ya kamata, likita ya duba a tabbatar.

Ban taɓa ganin turi irin na ranar ba. Kowa na son ladan rakiyar gawa. Masu shago sunka bar shago, 'yan kabu-kabu sunka shiga gaba suna buɗe hanya. Wanda bai samu wurin dafawa ba sai ya dafa bayan mai dafawa. Na sa giya na saki kulochi ya fi sau goma, ta ƙi tashi, su kuma ba su tsaya ba. Motar nan ba ta taɓa gudu irin wannan da injinta ba. Ana tafe ana addu'a, Allah shi sa ya huta, Allah shi haskaka kabari nai. Ina riƙe da sitiyari, ban kalli gefena ba ko sau ɗaya.

A ƙofar asibiti, da ma'aikata sunka taho da gadon turawa, Baba ya ɗaga hannu ya janye mayafin. Ya dubi mutanen da ke haki a kansa, ya ce a hankali, "Sannunku da aiki. Allah shi biya."

Wani ya zubar da takalmi ya ruga, ina jin har yau bai dawo ya ɗauka ba. Wasu sunka yi dariya, wasu sunka yi hamdala. Dattijon nan bai yi ko ɗaya ba. Ya dube ni, ya daɗe yana duba na, sannan ya sa takalminsa ya juya.

Abin da ban lissafa ba shi ne, motar nan ita kaɗai ce irinta a gari. Wani ya gane ta, ya buga waya unguwa. Kafin a gama sa wa Baba ruwa, mata sun cika gidanmu, an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure. An yi ta kiran wayata tana ƙara a tsakar gida. Kusan awa ɗaya mahaifiyata ta yi tana kukan mijinta, kafin ƙanena ya iso asibiti ya kira ta. Ba ta taɓa yi min faɗa a kai ba. Sau ɗaya dai, bayan shekaru, na ji tana ce wa wata, "Ni sau biyu Malam ya rasu gare ni."

A kwana na uku Baba ya ɗan ji sauƙi. Ina zaune ina yi masa fifita, ya buɗe ido.

Ya ce, "Na ji addu'ar da anka yi min. Ba kowa ka samun jin tashi addu'ar da kunne nai ba."

Na ci gaba da fifita.

Ya ce, "Na kuma ji ka ce amin."

Na fara rantse-rantse, ya ɗaga yatsa.

"Addu'a mai kyau ta, ban ga laifinka ba. Saurin dai. Ko numfashi ba ka ja ba."

Yana murmushi ya faɗa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Sai na koma ga abin da na iya, na ce, "To Baba, ko ba hula ai ta kawo ka. Yanzu kam ta ci albarka."

Ya ce, "Mutane sunka kawo ni." Ya rufe ido, can ya ƙara da cewa, "Bari in fito, mu gani."

Bai fito da ƙafarsa ba. A kwana na tara ya rasu, da hantsi. A motar maƙwabcinmu anka kawo shi gida.

Kwana uku ina zaune a ƙofar zaure ana zuwa gaisuwa. Duk wanda ya ce Allah shi jiƙan Malam, sai in kasa cewa amin. Ƙanena ne ke amsawa. Mutane sun ɗauka tsananin baƙin ciki ne, ana ta ba ni haƙuri.

Abin da ya fi damu na har yau, da na buɗe baki na ce marar lafiya ne, wallahi da sun tura. Mutanen da sunka fito daga salla, sunka ga tsoho kwance a rana, wa zai wuce? Ni ne dai na saba da samun abu ta hanyar wayo, har na manta ana iya roƙo kai tsaye. Na yi wa mahaifina wayon da ba a buƙata, yana kwance yana ji. Har yanzu ina ba'a, kun sani, ba na iya bari. Amma ku lura da ni wurin gaisuwar mutuwa, za ku ga kullum ni ne na ƙarshen amsawa.

Motar kuwa ban sake tuƙa ta ba. Daga asibiti janyo ta anka yi, na ajiye ta ƙarƙashin dogon yaron da ke gefen zaure. Shekara biyu tana nan, kaji na ƙwai a kujerar da Baba ya kwanta. Abokina dillali ya zo sau biyu da masu saye, na ce ba yanzu ba. Ban san me nake jira ba.

A ƙarshe mai gwangwan na kira, mai sayen tsohon ƙarfe. Ya zagaya ta, ya buga ta da ƙafa, ya yi tayi, na sallama. Da zai ɗaura mata igiya, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, kamar yadda 'yan kasuwa ke yi in ciniki ya faɗa, ya ce, "To, Allah shi sa albarka."

A ƙofar zauren Baba muke tsaye. Mutumin ya jira, ya sake jira, har ya ɗago ya dube ni ko ban ji ba.

Na ji. Numfashi nake ja.