Ƙugiya Mai Kunne

Cikin marka ne, gero ya yi ciki bai nuna ba, rumbu kuma sai an shiga ciki an duƙa kafin a samu na tuwo. Shekarar ba ta matsa muna ƙwarai ba, ba ta kuma sakar muna fuska ba. Ruwa ya yi yawa, gulbin Rima ya fito ya shanye fadamar da ke tsakaninmu da Wurno, kowa na cin tafasa da rama yana jiran sabon hatsi. Ba a daɗe da gama yaƙin Turawa ba, kayan kanti sun fara dawowa kasuwa, su allura da ashana da akoko. Mu dai kifi ya riƙe gidanmu.

Malam, mijina, mai fatsa ne. Yana da doguwar igiya mai ƙugiyoyi jere, yakan shimfiɗa ta a bakin gulbi inda tarwaɗa ke kiwo. Sa tana a ƙugiyoyin kuwa aikina ne. In tono ta a bayan danga, in zauna da ƙwarya, in zura kowace tun daga kai har ta rufe ƙarfen, in bar wutsiya tana motsi. Ƙugiyar maƙerin garinmu baƙa ce, mai dogon wuya, sumul har baki. Da rani ba ta da laifi. Amma tanar marka ruwa ce zalla, taushi gare ta kamar dafaffiyar kuɓewa. Kina zura ta tana zamewa. Wadda ta tsaya ma, ƙananan kifi su tsotse ta, Malam ya ɗago igiya ya tarar da ƙarfe tsirara.

Wata ranar kasuwar Goronyo ya dawo ya kira ni, ya warware bakin hularsa ya zuba ƙugiya biyu a tafin hannuna.

"Ke ka shan wahalar tana," ya ce. "Zaɓi."

Ɗaya irin tamu ce. Ɗayar fara ce tana ƙyalli, ta kanti, wuyanta bai kai na tamu ba, amma kusa da bakinta akwai ɗan kunne da ya juya baya, irin na kibiya. Na ɗauko tana na gwada. Ta shiga, na girgiza, ba ta motsa ba. Na sake girgizawa. Sai na ji ina dariya ni kaɗai.

"Wagga, Malam."

"Ki dai sani, in ta shiga ba ta fitowa ta baya. Gida da yara."

"Ai ni ka riƙonsu. Wa za shi taɓa?"

"To, sarkin ruwa ta yanke hukunci," ya ce, yana yi mini ba'a.

Inna, mahaifiyarsa, tana Rabah wajen gaisuwar rasuwa sa'ad da anka canza ƙugiyoyin. Da ta dawo ba ɓoye mata munka yi ba, maganar ce ba ta taso ba. Kifi ya ƙaru, miya ta yi daɗi, shi ke nan.

Ina da yara biyu lokacin, jariri namiji a hannu da ɗiyata ta fari, wadda ta isa aike cikin gida amma ba ta isa ɗaukar tulu ba. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, in ya faɗi ba ita za ta ruga ba, balle gaban suruka. Tun da anka yaye yarinyar ɗakin Inna take kwana. Ita take kira Inna, ni kuwa Adda, kamar yayarta. Ni ma haka uwata ta yi da babban wanmu, ban taɓa ganin abin a matsayin nauyi ba.

Ran da abin ya faru da hantsi ne. Na gama sa tana, na jera ƙugiyoyin a bakin ƙwarya, sai jariri ya farka. Na ce bari in ba shi nono in dawo in rataye ƙwaryar. Yarinyar tana da ɗan tsako da Inna ta ba ta, ashe tana son ta samo masa tana. Ina ƙarƙashin rumfa na ji ƙararta.

Na miƙe rabi. Sai na ga Inna ta fito daga madafa, na koma na zauna.

Ƙugiya ta shige cikin tsokar babban yatsanta na dama, tanar tana lilo a jiki. Inna ta durƙusa tana rarrashi da wasa, irin na kaka da jika.

"Mi na na, ƙawata? Yau ke anka kama? To bari in kai ki kasuwa, tarwaɗa mai ƙiba haka ai sai Goronyo. Yi shiru, yanzu za ta fita."

Duk rayuwarta Inna ƙugiyar maƙeri ta sani. Ta sha zare ta daga hannun mijinta da na ɗanta, kamar yadda ake zare ƙaya, a tofa yawu a wuce. Na ga ta kama wuyan ƙarfen da yatsu biyu. Cikin gidan nan duka ni kaɗai na san abin da ke cikin naman yarinyar. Maganar ta zo mini har baki. Amma in na ɗaga murya, na nuna damuwa da ɗiyar fari gaban suruka, na kuma koya wa babba aiki. Na ce, "Inna," a hankali, yadda na saba magana. Kukan yarinyar ya danne shi.

Inna ta fizga.

Ƙugiyar ba ta fito ba. Naman ne ya biyo ta ya yage, jini ya tsarto har kan zanen Inna. Kukan ma ya ɗauke na ɗan lokaci kafin ya dawo.

"Wace irin ƙugiya ta wagga?"

"Ta kanti ta, Inna. Tana da kunne."

Ta juyo ta dube ni. "Kin sani?"

"Na sani."

"Kina nan zaune?"

Inna ta juya ga yarinyar. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Anka kira wanzami, tsoho ne maƙwabcinmu. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce irin wannan gaba ake tura ta har kunnen ya ɓullo, a karye shi, sannan a zare. Da ba a ja ba, ƙaramin abu ne. Yanzu sai aska. Inna ta riƙe yarinyar a cinya, ni ina bakin rumfa da jariri, ina kallon ƙasa, ina jin tana kiran Inna, Inna. Ya fitar da ƙarfen, ya barbaɗa magani, ya ɗaure da tsumma.

Malam ya dawo daga gona da azahar anka gaya masa. Ya ɗauki ƙwaryar da dutse ya zauna a zaure yana danne kunnuwan ɗaya bayan ɗaya. Da na kai masa ruwa ya ce, "Ni na kawo su gidan ga." Na san don ya rage mini ya faɗa. Amma ba shi ne ya zauna yana kallo ba.

Kafin magariba yatsan ya kumbura, jikinta ya yi zafi.

Da gari ya waye kumburin ya hau har wuyan hannu. Inna ta ce a ba maganin wanzami lokaci. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, na miƙa mata jariri. Sannan na shiga na ɗauko yarinyar daga kan tabarma, na ɗora ta a bayana, na ja zane na ɗaure. Ƙafafunta har cinyata. Rabona da goya ta tun kafin yaye.

"Ke," in ji Inna. "Ɗiyar farin?"

"Ita, Inna. Asibitin Wurno za ni kai ta."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta cire mayafinta ta yafa wa yarinyar. "Ku bi ta tudu, fadama ta cika. Angona kuwa bar mini shi, in ya yi kuka in ba shi kunu."

Malam ya shiga gaba da sanda, ina biye. Matan da ke bakin rijiya sunka bar guga sunka bi ni da ido. Wata ta ce, "Yau kunya ta tafi gulbi wanka!" Na gaishe su na wuce.

Malamin asibiti ya kwance tsumman, ya matse ruwan ciwon, ya wanke da wani jan magani, yarinyar tana cizon zanena. Na tambaye shi, da ƙarfi wannan karon, ko za a yanke. Ya ce yatsa zai tsaya, sai dai ba lalle ya riƙa lanƙwasa kamar da ba, kuma sai mun riƙa dawowa wanki. Malam ya miƙo hannu zai karɓe ta don in huta. Na ce ya bari, na sake durƙusawa ta hau.