Hutun Merv Makiyayi

Merv Pascoe tun yana saurayi yake kiwon tumaki a duwatsun Otago, bai san wani abu wai shi hutu ba. Ko ranar aurensa sai da aka je aka tsamo shi daga garke. Matarsa Noeline ta yi ta haƙuri har gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, sannan ta kafa masa sharaɗi: za su je wani otal na masu hannu da shuni can ƙuryar duwatsu, in ya kuskura ya taɓa aiki, to a sayar da gona su koma birni wajen 'yarsu. Shi kuwa Merv da zaman birni gara mutuwa.

Kai, bawan Allah ya ga ta kansa! Da isarsu otal ɗin ya ɗauki faranti zai wanke, Noeline ta yi gyaran murya. Ya ga shinge a karkace, ya kau da kai yana haɗiyar yawu. Aka naɗe shi cikin farar riga mai laushi, aka yaɓe masa fuska da taɓo, wai gyaran fata.

"Taɓon da nake samu kyauta a gida," in ji shi.

"Rufe baki, tsoho, kada ya tsage."

Suna kishingiɗe a baranda sai ya hango abin tashin hankali. Otal ɗin yana ajiye tumaki don baƙi su ɗauki hoto, ba a yi musu aski, ga wata ta faɗi rigingine, gashi ya rinjaye ta, ƙafafu a sama. Tunkiya in ta kwanta haka ba ta iya tashi, kumbura take ta mutu. Merv ya ƙanƙame hannun kujera ya yunƙura zai tashi.

"Noeline."

"Na gani."

"Wannan ai ba aiki ba ne, taimako ne."

"Ka tuna gona dai, Merv."

Ya koma ya zauna, hawaye suna yanka hanya cikin taɓon. Noeline ta dube shi, ta dubi tunkiya, ta ja dogon tsaki. Sai ga tsohuwa ta tattare riga, ta haure shinge da silifas, ta cafki gashin tunkiya ta birkice ta. Dabba ta miƙe tana tangaɗi.

Ta dawo tana haki, kashin tumaki har gwiwa, fuska cike da farin ciki.

"Tashi ka haɗa kaya, tsoho," ta ce. "Namu na can gida, wa ya san yadda suka kwanta?"